Jiƙon Kawu Barau

Magarya, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Mariya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da su Hafsat. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Waca?

Ni dai jiki lafiya lau, hankali ne ba a kwance ba. Ran Asabar za a yi mana egizamen, wato jarrabawar karate na baƙar ɗamara. Babban metir, malamin da ke jarraba mu, sau ɗaya yake zuwa daga Damagaram a shekara, ni kuwa bana nake gama lise, wato sakandare, in bar garin nan. In na faɗi, shi ke nan. Tun da aka sa rana tsoro ya hana ni sakat. Ko a kata, wato jerin bugun karate da na sani kamar sunana, da na tuna mutumin nan sai ƙafafuna su harɗe.

Wautar da na yi, na gaya wa Kawu Barau. Kin san shi da labarin kokawarsa. Ya jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, wai a ciki yake jiƙa maganin faɗuwar gaba tun yana shiga fili, kuma ba a taɓa wanke shi ba don wanki na kashe ƙarfinsa. Yaya, da ya buɗe har awaki suka bar wurin. Baƙin ruwa ne mai kumfa, da sassaƙe, da wani abu mai gashi da ba na son sanin sunansa. Safe da yamma in sha ludayi guda, in shafe jiki, kuma kada sabulu ya taɓa ni sai an gama. Tuwonsa nake ci, ba halin musu, yana tsaye a kaina har in haɗiye. Wallahi ƙyamar kaina nake ji. A aji ba mai yarda mu haɗa banci.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki, Sadisu

Magarya, ranar Lahadi

Yaya Mariya,

Ina gaishe ki da kowa na gida. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

An yi. Da safen ranar, Kawu ya ninka min ludayi, ya kuma yayyafa wa farin kimonona, kayan karate, har ya yi dabbare-dabbare. Da na shiga layi, Hanif abokin karawata ya toshe hanci a gaban kowa. Babban metir ya dubi kayana, ya matsa baya, ya ce karate da tsabta ake fara shi. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai aka kira sunana. Jiƙon yana taso min har maƙogwaro, ba abin da ke raina sai kada in yi amai a gaban baƙo. Ban san lokacin da na fara ba, ban san lokacin da na gama ba. Ko rawar ƙafa ban yi ba. Metir ya ɗaura min baƙar ɗamara yana kau da fuska.

Na yi wanka har sabulu ya ƙare, warin na nan. Kawu kuwa yana ƙofar gida yana shelar maganinsa ya ci. Na san sarai ba maganin ba ne, tashin zuciya ne ya hana ni tuna tsoro.

Amma ga abin da ya fi ba ni ƙyama, kada ki gaya wa kowa. Bak, jarrabawar gama lise, na tafe, kuma tsoro ya soma dawo min. Ɗazu ni da bakina na tambaye shi ko akwai saura a tulun.

Naki har kullum, Sadisu