Ki Kwantar da Ita Rigingine

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da Inna. Barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana ita.

Na ga hoton da kika turo. Na daɗe ina kallonsa a shago har rigar wani ta kusa ƙonewa a ƙarƙashin dutsen guga. Kin ce kuna kiranta Tsuntsuwa saboda yadda take buɗe baki. Sunan ya dace da ita.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Bakina ba ya iya wasu maganganu yanzu, hannu ya fi min sauƙi. Na kuma san a gaban Inna za ki karanta wannan, tunda ba takardar da ke shiga gidan nan ba ta ji abin da ke ciki ba. Inna, ina gaishe ki, yaya ƙafa?

Abu ɗaya zan roƙa. A hoton na ga yarinyar a kife, rub da ciki, a kan filon Inna. Don Allah ku riƙa kwantar da ita rigingine, bayanta a ƙasa, ko barcin rana ne ko na dare. Ba ma a gefe ba, don daga gefe takan mirgina ta kife. Katifa mai tauri, ba filo, ba bargo kusa da fuska. Nas ce ta faɗa min a wurin rigakafi, ba ni na ƙirƙira ba.

Ga riguna huɗu na ba Baba mai motar kaya ya kawo. Sababbi ne. Na ɗana Alƙali suna nan a akwati. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, ban iya buɗe akwatin ba tukuna.

Ki huta lafiya.
Yayarki.

*

Yaya tawa,

Wa'alaikumus salam. Riguna sun iso, kin yi musu guga kamar Tsuntsuwa za ta je neman aiki a ofis. Mun gode.

Na karanta wa Inna takardarki, ta yi dariya har da tari. Ta ce in gaya miki: "Ku bakwai na haifa, duk a kife na raine ku, wanne ne a cikinku ya lalace? Ita nas ɗin 'ya'ya nawa gare ta?" Ta ce yaron da aka kwantar rigingine ƙeyarsa takan baje kamar faranti, kuma in ya yi tumbuɗi ya ƙware. Na ce mata to ni ai a kife aka raine ni, ga ƙeyata kamar an zauna a kai. Ta jefe ni da takalmi.

Gaskiya kuma, Yaya, in an kife ta ta fi daɗewa tana barci. In na sa ta rigingine sai ta yi ta firgita tana watsa hannuwa.

Hutuna ya kusa ƙarewa. Nan da mako biyu zan koma kanti, daga safe har la'asar, Inna ce za ta riƙe ta. Kin san ba mu da wanda ya fi ta iya raino.

Yaushe za ki zo? Inna ba ta faɗa, amma duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta leƙa.

Taki,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Wannan takardar na ɓoye ta cikin ninkin zanen gadon da na aiko. Ki karanta ke kaɗai. Kada Inna ta ji.

Kin san Inna ta zo ta zauna da ni lokacin da na koma aiki, Alƙali yana wata uku. Abin da ba ki sani ba shi ne wannan. Ranar rigakafinsa na biyu nas ta tsayar da mu iyaye mata, ta ɗauki 'yar tsana ta nuna mana. Ta ce jariri in yana kife, fuskarsa na iya nutsewa cikin abu mai laushi, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai ɗaga kai ba. Ta ce barcin nan mai nauyi da muke jin daɗinsa shi ne abin tsoro, don yaron ba ya saurin farkawa ko da numfashi ya yi masa wuya. Ta ce a rigingine ba ya ƙwarewa, yakan haɗiye ko ya fitar da kansa. Maganar ƙeya kuma, ta ce a kife shi a kan tabarma idonsa biyu, kina zaune kina kallo, har ya shekara.

Na ji duk wannan da kunnena. Na dawo gida na tarar da Inna ta shimfiɗa masa bargo ninki huɗu a kan gadona don kada katifa ta yi masa tauri. Na buɗe baki, sai na ji kunya. Yaya zan gyara wa wadda ta haife ni kwanciyar yaro? Na ce gobe zan faɗa. Na yi gobe ta kwana goma sha ɗaya.

Ran nan da azahar ta ba shi madara ta kife shi, ta fita shanya. Ni ina shago ina fesa wa rigar makaranta ruwa. Da aka kira ni na zo, fuskarsa tana cikin bargon, an ga shatin zaren a kumatunsa. Har a lokacin akwai ɗan yamutsa goshin nan nasa da ya sa muke ce masa Alƙali.

Likita ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan dalili, amma ya tambaye ni yadda aka kwantar da shi, da na faɗa sai ya sunkuyar da kai. Da na fito Inna ta riƙe hannuna ta ce me ya ce. Na ce mata zuciyarsa ce, haka aka haife shi.

Shi ya sa ba na zuwa. In na kalli hannuwanta sai in ga ranar. In na kalli fuskarta sai in ga ƙaryata. Ban ɗora mata laifi ba, Allah ya sani, abin da uwarta ta koya mata ta yi. Ni ce aka gaya wa.

Ki nemi dabara, Auta. Ki ce likitanku ne ya hana. Ki ce komai. Amma kada ki gaya mata wannan.

Yayarki.

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na karanta a banɗaki, na toshe baki da ɗankwali. Me ya sa kika ɗauki wannan ke kaɗai wata takwas?

Na gwada. Na ce wa Inna likita ya hana. Ta ce to. Na kwantar da yarinyar rigingine na shiga wanka, kafin in fito ta juya ta, tana shafa mata baya. Ta ce, "Baiwar Allah tana ta firgita, ke ba ki da tausayi?" Sau uku ke nan. Ba taurin kai ba ne, Yaya, gani take ceto yarinyar take daga hannun marasa sani.

Na yi wa maigida magana ba tare da na faɗi sirrinki ba. Ya ce shi ba zai iya ja da surukarsa a kan raino ba. Na roƙi mai kanti ya ƙara min hutu, ya ce akwai masu jiran gurbin.

Kuma Inna ta ga takardar. Ta zaro ta daga ƙarƙashin filona ta ce rubutunki ne, in karanta. Na ce gaisuwa ce. Ta juya ta gaba da baya ta ce, "Shafi biyu duk gaisuwa?" Ta mayar min da ita.

Ran Litinin zan fita da safe in bar su su biyu. Ba zan faɗa mata ba tunda kin hana. Ki gaya min abin da zan yi.

Auta.

*

Zuwa ga Inna,

Auta, ki karanta mata duka, kada ki tsallake layi ko ɗaya.

Inna, ina gaishe ki da girmamawa. Ina neman gafararki tun kafin in fara.

Na yi miki ƙarya. Likita bai ce zuciyar Alƙali ba ce. Ya ce ba a san tabbas ba, amma kwanciyar kife a kan bargo mai laushi tana cikin abin da ke ɗauke numfashin jarirai. An gaya min haka tun yana raye. Na ji nauyinki na yi shiru. Da na faɗa, na san da kin ji, don ba ki taɓa ƙin abin da zai amfane shi ba. Ke kika yi masa wanka kullum, ke kika fara sa shi dariya.

Kwanansa ya ƙare, na yarda da wannan. Mu bakwai kin raine mu a kife Allah ya tsare mu, wannan ma gaskiya ne. Amma Inna, na takwas ɗin nawa ne, kuma shi kaɗai gare ni.

Na so in mutu da maganar nan don kada ta taɓa ki. Na kasa samun hanyar da zan kare ki in kare Tsuntsuwa tare. Ki kwantar da ita rigingine, Inna. Ko ta firgita, ko ta yi kuka, ko ƙeyarta ta zama faranti.

In kin yi fushi da ni, na cancanta.

'Yarki.

*

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta wa Inna duka jiya Lahadi. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba.

Yau na dawo daga kanti na tarar da yarinyar rigingine a kan katifa, ba komai kusa da ita. Inna tana zaune a ƙasa gefenta. Abincin da na bar mata yana nan a rufe, shanya ma ba ta fita ta kwashe ba.

Na ce ko in rubuta miki ki zo. Ta ce, "Ba yanzu ba."

Har na fara ninke takardar nan sai ta ce, "Ki tambaye ta ko tana cin abinci."

Auta.