Ɗanka Bai San Fuskarka Ba

Assalamu alaikum, Yaya Sabo. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a dajin da aka ajiye ku, ina sanar da kai na gama jami'a. Amma ba murna ce ta sa na rubuto ba. Raina a ɓace yake.

Ka tuna ranar da ka fara shigowa Daura da kakin sojan ƙasa? Da dutsen guga na gawayi ka goge shi kana waƙa, ka hana ni taɓawa. Yanzu in waya ta shiga, abin da kake cewa kawai, "Muna nan dai."

Da matarka Hajara ta haihu, ka nemi izinin zuwa, aka ce ka jira canji, sai an kawo waɗanda za su maye gurbinku. Muka yi ta kiranka, layi bai shiga ba. Ni na ɗauki jaririn, na yi masa huɗuba a kunne, na zaɓi Mustafa ban san ko shi ne sunan da kake so ba. Yaron yau yana gudu a tsakar gida. Canjin bai zo ba.

Lawal na maƙwabta, da ke sojan sama, ya zo sunan 'yarsa, ya zo Sallah. Abokinka na Mai'adua, na sojan ruwa, in yana labarin aikinsa har fuskarsa haske take. Ban ce aikinsu ba wuya ba, ban gani ba, kuma ba na hassada. Abin da na gani shi ne su suna dawowa. Tuta ɗaya kuka yi wa rantsuwa. Manyanku da ke cewa ku ƙara haƙuri, a ina suke kwana? Wane ƙarfin gwiwa ake nema wurin mutumin da aka manta da shi?

Jiya na nuna wa Mustafa hotonka, ya kau da kai. Can wayar Inna ta yi ƙara, ya ruga ya rungume wayar yana cewa Baba. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Yaya, kada ka daina neman izinin, ko sau nawa za su hana. Ina tsoron ranar da za ka yi sallama ya ɓoye a bayana.

Allah Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai da ƙafarka, Ya sa ɗanka ya san ka tun kana raye.

Ƙaninka,
Habibu