Kafin Ƙoƙon Ya Nutse

"Kafin ki kai ƙarshen littafin nan na dawo, Kiya. Wallahi leƙa shi kawai zan yi."

Ka gane maganar wa ce, Bang Hem? Taka ce, mijina, hasken idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, iskar da ke tasowa daga teku bayan sallar asuba, maƙaryacin da na fi ƙauna a duk faɗin ƙasar nan! A tashar motar Trang ka faɗe ta, inda na raka ka daga tsibiri, ƙafarka ɗaya cikin mota, ka bar mini jakarka jingina. To, na kai ƙarshen littafin. Na karanta wani da na tsinta a masauki, wanda ruwan teku ya cinye rabinsa. Jiya na kama kaina ina karanta rubutun da ke jikin kwalbar man sauro. Ni Rokiyah, da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane adabi, yau ga ni a tsibirin Muk ina nazarin man sauro!

Duk kuwa saboda tsuntsu. Ƙaninka Sen ya bugo waya daga gida cewa Tongkam ya daina rera waƙa, ya ƙi cin ayaba, ya takure a keji, sai na ga fuskarka ta koma kamar an ce maka gobara ta tashi. Ban hana ka ba. Na san abin da ɗan tsuntsun nan mai tukku da jan kunci yake a zuciyarka. Amma matar Sen ta tsegunta mini komai. Ta ce, "Tsuntsu ai ya warke tuni, gwanda yake ci kamar ɗan dako, mijinki kuwa har ya sa shi a gasar waƙar tsuntsaye ta ranar Lahadi." Gasa, Bang? Ka ajiye mace a tsibiri kamar kayan da aka manta a jirgi, ka tafi gasa?

Bari in tuna maka abin da ka baro, tunda kukan tsuntsu ya cika maka kai.

Ka tuna ranar da muka sayo jakunkunan goyon nan, bayan bikin autarmu? Unguwa duka ta fito kallo. Yayarka ta riƙe baki ta ce, "Ku da jikoki za ku goya jaka kamar 'ya'yan Turawa? Ku tafi da man zafi dai." Ka ce mata jikokin ai mun goya sun ishe mu, yanzu kayanmu za mu goya. Wallahi a ranar na sake ganin saurayin da ya taɓa tare ni a ƙofar makaranta da ƙullin 'ya'yan itacen rambutan, ya kasa cewa komai sai "Zafi ake yau."

Ka tuna safiyar da jirgin ƙasa ya kutsa da mu cikin duwatsun arewa, hazo kwance a kwari kamar an shanya auduga? Ka manna goshi a taga kamar yaro, ka ce ashe ƙasarmu tana da tsawo haka. Ka tuna masaukin Chiang Mai, da gadonsa mai hawa biyu, kai a sama ni a ƙasa, gwiwarka tana ƙara a kan tsani, samarin Turawa suna tafa maka in ka sauko lafiya? Kafin mu bar garin ka koya musu fito irin na kiran tsuntsu, suka raka mu tasha suna hura iska ba sauti. Na yi dariya har sai da na zauna a kan jakata.

Bangkok fa? Mu 'yan ƙasa, masu furfura, muka ɓace a bakin kogi har sai da wata yarinya Baturiya ta nuna mana hanya a wayarta. Mai sayar da roti, wainar fulawar nan, ya hango jakunkunanmu daga baya ya fara zuba mana Turanci, ka juyo ka amsa masa da harshenmu na kudu, ya saki cokali, ya kira ka yadda muke kiran yaya namiji a can, ya ce, "Kai, Bang! Me ya yi zafi? An kore ku daga gida ne?" Ya ƙara mana ƙwai kyauta don tausayi. A Ayutthaya na hau keke bayan na yi zaton ƙafata ta manta, mayafina yana tashi kamar tuta, kana bina kana ihu in taka birki. Wace mace ce ta kai ni daɗi a ranar? Wace sarauniya?

Sannan teku, farin cikina. A bakinsa aka haife ni, amma sai a Krabi na gane rabona da in sa ƙafa a ruwansa don nishaɗi tun ina budurwa. Kullum makaranta, kullum tukunya, kullum takardun yara. Ka zauna a yashi kana gadin takalmana, na shiga da kayana har gwiwa, kifaye ƙanana suna tsattsakar yatsuna, na juyo na ga kana kallona irin kallon da na ɗauka ya ƙare tun haihuwar fari.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Duk safiya, kafin mu kama hanya, kakan naɗe hankicinka ka cusa shi ƙarƙashin igiyar jakata ta hagu, inda take gurzar mini kafaɗa. Ba ka taɓa magana a kai ba. Kana yi kana mitar littattafan da na ɗauko sun fi tubali nauyi. Na karanta waƙoƙin soyayya iya karatu, na koyar da su, na ci gyaran masu rubuta su, kuma ban ga baitin da ya kai naɗin hankicin nan ba. Yanzu ni nake sa shi da kaina, kafin in yi taku goma ya zame. Kafaɗata ta yi ja, Bang. Laifinka ne.

Ka san abin da ya kawo mu Muk. Kogon Morakot. Shekara da shekaru ɗalibaina suna rubuta mini shi a insha'i bayan hutu: yadda ake shiga ta bakin dutse da iyo, duhu ya haɗiye mutum har bai ganin tafinsa, kowa riƙe da kafaɗar na gabansa, sai can ruwa ya fara yin kore, a fito wani ɗan yashi da duwatsu suka kewaye, sama kawai a buɗe. Ina ba su maki, ina jin kunyar ban taɓa gani ba. Ka san tsoron ruwa mai duhu da nake yi tun ina yarinya. Kai ka ce, "Ki riƙe kafaɗata ki rufe ido, ni zan zama jirginki." A kan wannan maganar na goyi jaka daga kudu zuwa arewa na dawo. Alkawari kaya ne, masoyina. Na ga ka sauke naka a tashar Trang.

Iska ta fara juyawa. Da yamma hadari yana taruwa ta yamma, teku yana canza murya. Ja Saroh, mai masaukin nan, ta ce mijinta ba zai ƙara kai kowa kogon ba bayan ranar Asabar, daga nan sai damina ta wuce. Kullum in ta kawo mini shayi sai ta dubi jakarka a lungu ta ce, "Malama, anya mijin nan naki akwai shi, ko jaka kika aura?" Ina dariya. Ina kare ka ma, Allah ya sani. Amma kariyar ta kusa ƙarewa.

To, bari in yi maka magana da yaren da kake ji. Na sha zama a gefen filin gasarku, rana tana gasa ni, ina kallon kejuna rataye a sama. Na ga yadda alƙali yake ɗora ƙoƙon nan mai huda a kan ruwa ya busa usur. Ruwa yana shiga a hankali, maza suna ta fito da kaɗa hannu kamar mahaukata. Tsuntsun da bai rera ba kafin ƙoƙon ya nutse, ba a tambayarsa dalili. Ba a cewa maƙogwaronsa ne, ba a cewa jiya ya yi ƙoƙari. Sauke kejinsa ake yi. Kai da bakinka ka ce mini wannan ne adalcin da ya fi kowane.

Na ɗora ƙoƙon, Bang Hem. Yana kan ruwa.

Ka ɗauki motar safe ranar Juma'a, ka yi salla a Trang, ka shigo jirgin ruwan la'asar. Zan tsaya a kan gadar da jirgin ke tsayawa da mayafina shuɗi, wanda ka ce yana mai da ni yarinya. In ka sauko, ba zan ce maka uffan ba game da tsuntsu. Zan miƙa maka hankicinka, in ciyar da kai gasasshen kifi da hannuna, Asabar da safe in rufe ido in riƙe kafaɗarka. Tongkam kuwa Sen ya kai shi gasa, ai ba kai ne za ka rera ba.

In jirgin ya zo babu kai, ba zan yi kuka ba, ba kuma zan koma gida ba. Zan sa rigar hana nutsewa, in riƙe kafaɗar Ja Saroh, in shiga duhun nan ido buɗe. Daga nan in goyi jakata in wuce tsibirin Lipe ni kaɗai, taka kuwa in bar ta a lungu ta auri wata. In na dawo gida zan dafa maka abinci, in wanke maka kaya, in zauna kusa da kai a baranda kamar kullum, inda ka saba cewa, "Kiya, ba ni labari." Zan ba ka labarin komai a duniya. Amma abin da na gani a bayan dutsen nan, ko za ka tambaye ni har haƙoranmu su zube, ba za ka ji ko kalma ɗaya ba. An ce gani ya kori ji. Kai za ka rasa duka biyun.

Taka ce ni, yau da gobe, cikin fushi da cikin daɗi, a tudu da a ruwa, har ranar da za a sauke kejinmu duka.

Ka rera, tsohon tsuntsuna. Ruwa yana shiga.

Kiyarka