Kundina Ya Tokare Ƙofar Bironka

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Makarantar Masu Neman Digirin Dokta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da kai da iyali.

Ranka ya daɗe, sunana Laminu, mutumin Yekuwa. Ɗalibinka ne ni a fannin anformatik, wato ilimin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na ƙera manhajar waya wadda manomi zai ɗauki hoton ganyen wakensa, ta gaya masa da Hausa abin da ke cin ganyen. A gonar mahaifina na gwada ta. Da gangan na bar ƙwari suka cinye masa kunya goma don in sami hotuna. Yau har manoman garin Kwaya suna aiki da ita. Damina biyu ke nan da gama kundina, ga abin da na gani:

1. An ce in aiko da dosiyena, wato kundin da sauran takarduna, ta shafin intanet na makaranta. Tun ran nan shafin yake cewa ana gyara. Na zo da ƙafata na ce zan gyara shi kyauta, tunda abin da kuka koya mini ke nan. Sakatarenka ya yaba ƙwarai, ya ce in rubuto buƙatar ta shafin.

2. Daga baya aka ce takarda ake so, kwafi bakwai. Na ɗauko su a amalanke, na hau babur, na shiga mota. Da na koma bin sawu, na tarar da ɗaya ya tokare ƙofar bironka, wato ofishinka, kada iska ta rufe ta, ɗaya an ɗora masa butar shayi. Na gode Allah, ko ba a karanta ba ana amfana da ilimin.

3. Sau huɗu ana sa ranar kare kundin a gaban alƙalai ana ɗagawa. Na ƙarshe an ce ka tafi taro ƙasar waje, kana koya wa mutane yadda na'ura ke hanzarta aikin biro.

A cikin wannan jira aikin koyarwa da aka yi mini alkawari ya wuce ni, don ba ni da takardar shaida. Mahaifina ya ɗinka babbar riga, ya ce ba zai sa ta ba sai ranar da za a kira ni dokta. Bara ya rasu. Rigar tana cikin akwati da ninkinta.

Roƙona biyu ne. A sa rana, a tsaya a kanta. Sannan a ba alƙalan kundin su karanta kafin shayi ya gama da shi.

Allah ya ƙara girma, ya ba ka tsawon rai. Ranar da za ka ajiye aiki kuma, Allah ya sa takardunka su faɗa biro mai sauri irin naka.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Laminu, Yekuwa