Sara a Ƙarƙashin Ɗakin Gwadabe

Tudun Tama, ƙasar Guri
Watan Sha'aban, 1952

Zuwa ga Yaya Zarami a Kumasi,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah Ya ƙara wa fataucin goro albarka. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai Inna Gumsu da ciwon gwiwarta. Matata 'Yar'azumi ta sauka lafiya, an samu Shu'ibu.

Ka san ambaliyar bara ta cinye gidanmu na bakin fadama. Muka yi niyyar komawa kan tudu, tsohuwar unguwar da kakanninmu suka haƙi tama kafin sana'ar ta mutu. To, wani Bature ya zo rangadi, ya ga kangayen da wuraren narka ƙarfe, ya ce kayan tarihi ne, kada a rushe, kada a ɗora ko tubali ɗaya sai da izinin hukuma. Na yi ta sintiri Haɗeja, kullum a ce in dawo. Har yau a zagayen zana muke, ga damina ta ƙarato.

Gwadabe, ɗan Baffa Fannami, haƙurinsa ya ƙare. Ya fasa wani kango ya kwaɓa ƙasar, ya tayar da ɗaki a bayan kuka, inda ba a hangowa daga hanya. Tun da suka tare, matarsa Saude take cewa tana jin sara a ƙarƙashin daɓe, da rana tsaka, kamar ana haƙa da diga. Muka yi mata dariya. Yaya, na je da kaina bayan azahar na kara kunnena a ƙasa. Sara ne, a yi a huta, a ci gaba. Tari ya kama ni, sai aka tsaya. Can kuma na ji an yi tari daga ƙasa.

Ranar Juma'a muna masallaci daɓen ya rufta. Allah Ya kiyaye, Saude tana rijiya. Rami ne mai zurfi da ya miƙe ta ƙarƙashin unguwar. Aka zura Gwadabe da igiya da fitila. Ya ce ya ga digogi jingine da bango, ƙotocinsu ba su ruɓe ba, ga ƙasa ɗanya a tare kamar yanzu aka tono. Bai ga ƙashi ba, bai ga sawu ba. Tun fitowarsa magana ta yi masa wuya, tafiya ma a hankali yake yi, wai kada a ji shi.

Inna ta ce kakanta yana cikin waɗanda rami ya rufe a zamanin haƙar tama, ba a tono su ba, ba a sallace su ba. Liman ya tara mutane aka yi musu addu'a a bakin ramin, saran kuwa ya tsaya. A makon nan kuma ɗan doka ya kawo saƙo an ba mu izinin gini. Babu wanda ya kwaɓa ƙasa. Inna ta ce shirun nan ya fi tsorata ta, don a saninta mahaƙi ba ya daina sara sai in ya ɓullo.

Kai ne babba, ka yanke mana kafin ruwa ya sauka: mu gina, ko mu ɗauki Inna mu koma Malam Madori wurin Kawu Auta?

Ka gaida Yaya Ma'u, da Binta da ƙannenta. Inna tana sa maka albarka. Ku sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Umara