Jitar Ezekiyel Tana Hawaye

Anti Rachael, don Allah ki ji ni yanzu yanzu, kar ki ajiye takardan nan sai gobe, Asabar ya kusa. Ni ban yi makaranta ba. Malama Miriyam maƙwabciyata ke rubutawa, na ce ta sa yadda na faɗa.

Ɗana Ezekiyel ya rasu wata biyu ke nan, hatsarin mota a hanyan Jere. Kafinta ne, yana cikin kwaya, masu waƙa na cocinmu. Da hannunshi ya yi jita na kiɗa, wata huɗu yana goge katakon. Ya sayo fenti na gwangwani a Kafanchan, wanda ake dannawa ya fesa, mai ƙyalli kamar sabon kwanon rufi. Ya fesa gefe ɗaya, ya rataye jitan a ɗakin aikinshi, ya ce in ya dawo zai gama. Bai dawo ba.

A gidanmu in mutum ya mutu ana kulle ɗakinshi, ko allura ba a taɓawa sai dangi sun taru an raba kaya. Makullin yana hannuna. Matanshi Hephzibah ta roƙe ni da kuka, a ɗauki kome a bar mata jitan yadda yake, don yatsanshi ya taɓa fentin tun bai bushe ba, alaman yatsan yana nan. Na ce to.

Amma 'yata, rabi na ƙyalli rabi tsirara, abin ya hana ni cin abinci. Yaron nan bai taɓa barin aiki rabi ba. Ran kasuwa, ana yayyafi, gida ba kowa, na shiga, na rufe ƙofa da taga kar a gan ni. Na girgiza gwangwanin yadda na ga yana yi, wani abu na ƙara a ciki kamar haƙori. Idona ba kyau, sai na matsa kusa, na fesa, na fesa, har ya ƙare. Kaina ya juya, ɗakin ya yi nisa, na ji kamar ana cewa Mama daga cikin ramin jitan. Da rarrafe na fita.

Washegari na leƙa. Fentin ya gangaro layi layi daga bakin ramin kamar hawaye, ƙyallin ya dushe kamar idon mataccen kifi. Yatsan Ezekiyel babu, ni na binne shi. Kuma in mashin ya wuce bayan gida, jitan yana gunaguni shi kaɗai, Yesu shaidana.

Asabar za a buɗe ɗakin. Zuciyana na ce mini in kai jitan rafi, in ce ɓarawo ne. Yaron yana fushi da ni ne? Miriyam ta ce in je wurin pasto. Na ce ba pasto ba, ba ƙanin babanshi ba. Hephzibah za a fara gaya ma, ƙafana ne ya ƙi zuwa ƙofanta.

Wata tsohuwa, Kagoma

Mama, sannu da rashi, Allah ya sanyaya miki zuciya.

Ki kwantar da hankalinki, ɗanki ba ya fushi. Irin wannan fenti a sarari ake fesa shi, sama-sama, daga nesa, ana jira ya sha iska kafin a ƙara. Ke kin rufe ɗaki kin shaƙi warinsa, shi ya juya miki kai, kuma uwar da ke cikin makoki ba wuya ta ji muryar ɗanta. Hawayen yawan fenti ne da aka fesa kurkusa. Danshin damina ya dusashe ƙyallin. Gunagunin kuwa, tsirkiya ce a kan akwati mai rami, dole ta amsa in ƙasa ta girgiza. Idan jiri ko tari bai bar ki ba, ki je asibiti.

Ƙauna ce ta shigar da ke ɗakin, wannan gaskiya ne. Amma kin yi alkawari kin karya, kuma abin da Hephzibah ta rasa ba zai dawo ba. Tana da ikon yin fushi, kada ki hana ta.

Kada ki kai jitar rafi. Ƙaryar ɓarawo za ta faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, surukarki kuma ta tashi hannu wofi. Kada ki kankare, kada ki kira mai fenti. Gyara ko bari, ita za ta zaɓa.

Ki je yau, ba ranar Asabar a gaban dangi ba. Malama Miriyam ta raka ki ƙofa ta tsaya waje. Ki faɗa mata kamar yadda kika faɗa mini, ki nemi gafara. Daga nan ku sanar da manyan gida kafin taro. Ko ta juya miki baya kwana uku, ki ci gaba da kai mata tuwo.

Ubangiji ya ba ƙafarki ƙarfi, Mama, ya bar ku tare.

Anti Rachael