Na Sayar da Saniyar Amana Don In Zama Injiniya, Wani Ke Shan Dukan

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari in kai aya kafin ku fara zagina. Zagin ma ba ya ba ni tsoro, don duk abin da za ku faɗa na riga ku faɗa wa kaina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni ɗan makiyaya ne, rugarmu na tsakanin Rabah da Goronyo. Bana na gama wata jami'ar fasaha mai tsada, irin wadda in ka ambaci sunanta sai mutane su gyara zama. Injiniyan lantarki na karanta. Lokacin da suka ɗauke ni sun ce sun yafe mini rabin kuɗin makaranta saboda ƙoƙarina, har suka sa na ɗora malfa a kai suka ɗauke ni hoto, suka manna a allonsu na talla don duniya ta ga suna taimakon ɗan talaka. To ɗaya rabin fa? Wa ya taɓa tambayata daga ina yake fitowa? Daga garken babana yake fitowa. Duk zangon karatu sai ya kora shanu zuwa kasuwar Acida, ya dawo da igiya a hannu, ya turo mini kuɗi yana murna. Ba zan yi musu ƙarya ba, sun koyar da ni. Yau in ka ba ni faifan sola da injin ban ruwa, zan haɗa maka abin da zai shayar da fadama guda. Amma ina zaune a aji da yaran da kuɗin man motarsu ya fi kuɗin bijiminmu, ni ke koya musu lissafi kafin jarrabawa, su biya ni da abinci da kirarin “gwani”. Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

A shekarar ƙarshe suka ƙara kuɗi, kuma suka rufe mini shafin rajistar jarrabawa. Na je ofis na yi roƙo kamar zan kwanta a ƙasa. Matar da ke wurin ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce na'ura ce ke rufewa, ita ba ruwanta. Na'ura! Hotona na rataye a bayan kujerarta tana gaya mini haka. Na hau mota na koma gida, na sami Baba kwance da zazzaɓi. Na gaya masa. Ya ce, “Ɗana, ba sauran abin saidawa. Waɗanga da sunka rage su ka ba gida nono. Ka yi haƙuri hal baɗi.”

Baɗi? In zauna shekara guda a ruga, 'yan ajinmu su fita su kwashe ayyukan, bayan duk shanun da aka rasa? A cikin garken akwai wata farar saniya mai ciki wadda ba tamu ba ce. Ta habbanaye ce, wato aminin Baba, Baffa Manu, ya ba shi aronta ya kiwata, abin da ta haifa ya zama namu, daga baya a mayar masa da uwar. Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san ba a taɓa irin wannan saniya. Ko yunwa za ta kashe ka, taka za ka yanka ka bar ta. Ni kuwa na taɓa. Ranar kasuwa na ce wa Baba ya huta ni zan fita kiwo, na haɗa shanunmu da na maƙwabta, na ja farar na kai ta bakin titi inda manyan motoci ke lodi zuwa kudu, na sayar wa wani baƙo da ba ya tambaya. Da zan koma na tsayar da wani ɗan kabu-kabu na garin da ke kusa da mu, magidanci ne mai mata da 'ya'ya, zan kira shi Sanda. Ya goya ni har wurin kiwo. A hanya ya ce, “Injiniya, ina saniyad da nig gane ka da ita da sahe?” Na ce Baba ne ya aike ni in kai wa mai ita. Ya ce to madalla, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, wai ɗan makaranta ba ya biya.

Da yamma na ce wa Baba saniyar ta ɓalle ta yi cikin daji, na bi sawunta har inda ya ɓace, ban ga komai ba sai sawun babur. Wallahi a tunanina za a ce Allah ya mayar da alheri, magana ta mutu. Ni da na karanci lantarki na manta cewa a yankinmu yanzu “sawun babur” ba ƙaramar magana ba ce, da ita ake gane 'yan bindiga sun zo. Na koma makaranta na biya, na rubuta jarrabawa, na fita da sakamakon da ake tafa wa mutum, har wani kamfanin sola a Abuja ya ɗauke ni aiki.

Ashe a gida wuta ce ke ci. Mutane suka fara tambaya: wane irin ɓarawo ne zai bar garke ya zaɓi saniya guda, kuma mafi kyau? Sai dai in na gida ne ya nuna masa. Wani ya tuna ya ga babur ɗin Sanda ya shiga wurin kiwo ranar. Shi ke nan, aka laƙaba masa infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. 'Yan sa-kai suka ƙwace babur ɗinsa, suka yi masa dukan da har yanzu ba ya iya ɗaga hannun dama. Ya faɗi gaskiya tas, ya ce ni ya ɗauko daga bakin titi da igiya a hannuna. Kun san abin da suka yi? Ƙara masa duka suka yi, wai yana ɓata sunan injiniyan gari. A gaban maigari babana ya miƙe ya ce, “Ɗan da nis sai da garkena don shi yi ilimi, shi za ya saci saniyar amana? Ka ji tsoron Allah, Sanda!”

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Duk wahalar da aka sha, ashe abin da makarantar ta saya mini shi ne ƙaryata ta fi gaskiyar wani nauyi. Ko mutum guda bai kira ni ya tambaye ni ba. Ina jin haushin makarantar da ta yi talla da talaucina ta kuma rufe mini ƙofa, ina jin haushin mutanenmu da suka mayar da takarda abin bauta, amma haushin kaina ya fi, don ni na ja igiyar da hannuna. Baffa Manu kuwa ko sau ɗaya bai tambayi saniyarsa ba. Da na gama karatu har kaza ya aiko gidanmu a taya ni murna.

Shekaranjiya Sanda ya kira ni da wayar wani. Ban gane muryar ba sai da ya ce, “Injiniya, ni na.” Ya ce, “Mi niy yi maka? Matata ta soya kihi ba mai saye, ɗiyana an hana su shiga makarantar allo. Na goya ka ban amshi ko sisi ba. Kai kaɗai ka iya hwaɗin gaskiya su yarda.” Na ce, “Yaya Sanda, ka ba ni lokaci.” Ya ce, “Lokacin ba hannuna yake ba.” Ya kashe wayar.

Gaskiyarsa ne. Maigari ya sa zama ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko masallaci. In Sanda bai wanke kansa ba zai bar garin da iyalinsa, kuma duk wanda ya san yankinmu ya san mai sunan infoma ba lallai ya kai inda za shi ba. In na je na faɗi gaskiya, babana ba zai ƙara ɗaga kai a cikin makiyaya ba, ba wanda zai sake ba gidanmu aron ko akuya, kuma ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Na yi tunanin in sayi wata saniya in aika a ce an tsinto, amma wane makiyayi ne ba ya gane saniyarsa? Kuma ko an karɓa, sunan Sanda ba zai wanku ba.

Jiya na kira Baba da niyyar in gaya masa komai. Ban kai ga buɗe baki ba ya ce, “Kak ka wahal da kanka da tahiya, aikinka sabo na. An ce a yi rantsuwa ran Juma'a. Na gaya ma maigari ni za ni dahwa Alƙur'ani madadinka, don na san ɗan da nih haihwa.” Na ce to, Baba.

Jama'a, tsohon nan zai yi alwala ya dafa Littafin Allah a kan ƙaryata, kuma da rantsuwarsa za a kori mutumin da bai yi komai ba. Me zan yi?